Malam Ƙyalli da Baƙaƙen Faranti

Mahaifiyarmu takan ce tun yana ciki Yaya bai bar ta ta huta ba. Ya zo duniya kafin lokacinsa, ya miƙe tsaye kafin ya ƙoshi da rarrafe, kuma tun daga nan ba a taɓa ganin ya fara cin abinci ya gama a wuri guda ba. Zai fara a ɗaki, ya ƙarasa a bakin ƙofa, kwano a hannu, ƙafa ɗaya tana rawa. Shi ne babbanmu, ni ce auta, kuma duk gidan ni ya fi ja a jiki. Ina jin don ni kaɗai ce ba na ce masa ya zauna.

Sana'a kuwa, sai dai a tambayi wadda bai taɓa ba. Ya yi gyaran keke, ya bi babbar mota, ya yi fenti, ya yi walda. Har gyaran agogo ya koya, ya gudu, ya ce ba zai iya zama a ɗakin da abubuwa ke ƙirga masa lokaci ta kowace kusurwa ba. Ba korarsa ake yi ba, kuma ba kasawa yake yi ba. Hannunsa na da kyau, iyayen gidansa har biyo shi suke yi suna lallashi. Matsalar ita ce da zarar ya gane kan abu, sai abin ya fita daga ransa kamar an zare ƙaya. Matarsa, wadda muke kira Anti, ta daina zubar da kwalayen kwashe kaya. Takan ninke su ta tura bayan gado, ta ce, "Ai ba a san gobe ba, ballantana da yayanku."

Inda ya ɗan jima shi ne wani shago a bayan kasuwar kayan gyaran mota, inda ake yi wa ƙarfe ruwan nikel. Mutum zai kawo salansar babur da ta yi tsatsa, ko mariƙin ƙofa, ko tire da cokula. Sai a kankare, a wanke, a ɗaura wa abin waya, a tsoma shi cikin wani koren ruwa a baho, a kunna lantarki. Nikel ɗin da ke cikin ruwan sai ya riƙa hawa jikin ƙarfen a hankali har ya rufe shi. Daga nan sai injin goge. A nan ne Yaya ya samu suna. Ba ya sakin aiki sai ya kai shi gaban fuskarsa ya washe baki.

"In ban ga haƙorana a ciki ba, aiki bai ƙare ba," in ji shi.

Sai aka sa masa Ƙyalli, sunan ya bi shi har gida. Yarana ma Kawu Ƙyalli suke ce masa.

Ya doshi hamsin lokacin da wata mata ta shigo shagon da jaka cike da wasu 'yan maƙalai na ƙarfe da suka ci tsatsa. Malama ce a jami'a, masaniyar sinadarai, kowa Dakta yake ce mata. Maimakon ta ajiye kayan ta tafi, sai ta tsaya tana kallon yadda yake aiki. Ta tambaye shi yadda yake yi gefe da tsakiya su ɗauki ruwa daidai wa daida. Ya ba ta amsa yana zagaye baho, yana ja da waya, yana leƙa waje. Da ta dawo karɓar kayanta sai ta ce tana neman mai irin hannunsa a ɗakin gwajinta. Ya ce ya yarda tun bai tambayi aikin mene ne ba. Dama ƙafar ta fara yi masa ƙaiƙayi.

Ranar da ya fara zuwa, bai wuce gida ba sai da ya biyo ta wurina. Ko zama bai yi ba.

"Auta, kin san ruwa ba abu ɗaya ba ne? Iska biyu ce suka riƙe juna. Mu aikinmu raba su."

Na ce, "Yaya, yau ɗaya har ka zama ku?"

Abin da Dakta ta bayyana masa, wanda ni ma daga baya na gani da idona, shi ne wannan. In aka tsoma faranti biyu na ƙarfe a ruwa aka ba su lantarki, ruwan yakan rabu. Ta jikin ɗaya iskar haidirojin ke fita, wadda ake iya tarawa a yi makamashi da ita, ta ƙone ba hayaƙi. Ta jikin ɗayan kuma oksijin, iskar da muke shaƙa. Haidirojin ba ta da gardama. Oksijin ce mai taurin kai, sai ta sha wuta mai yawa kafin ta saki, kuma in ba ta saki ba ɗayar ma ba ta fita. Don haka ake shafa wa farantin wani abu mai zaburar da ita, wanda a ɗakin suke kira ɗan zuga. Masu kyan ana yin su da wasu ƙarafa da suka fi zinare wuyar samu. Dakta da mutanenta suna neman wanda za a haɗa da nikel da baƙin ƙarfe, abin da ke ko'ina.

Yaya ya ce mata, "Ranki ya daɗe, na san a ingiza mai kantu ruwa. Amma a ingiza ruwan kansa, yau na fara ji."

Aikinsa da farko shi ne yanka 'yan faranti kamar faɗin yatsu biyu, ya wanke su tas, ya haɗa ruwan baho. Mai ɗora ɗan zugan a kansu shi ne wani ɗalibin Dakta mai neman digiri na uku, magidanci da 'ya'ya biyu, ana ce masa Dogo. Allah bai taɓa haɗa mutum biyu da suka saɓa kamar su ba. Dogo kafin ya ɗaga kofin gilashi sai ya dube shi kamar zai tambaye shi izini. Yana iya zama gaban na'ura tun safe har rana ta karkata, ba abin da ke motsi a jikinsa sai ido. Yaya ya ce kallonsa kawai na sa masa ciwon baya. Shi kuma Dogo yakan ce, "Baba, don Allah ka tsaya ta gefe guda, kana kaɗa mini tebur."

Dogo ya shafe fiye da shekara yana sauya awo da ƙarfin wuta, har ya dace da wani haɗi da ya fi duk na baya. Ya yi faranti kaɗan da shi, ya jera su a kan tire su bushe, don washegari a fara doguwar jarrabawa. Da safe shi da Dakta suka tafi taron sashe. Yaya ya shigo ya tarar da tiren.

Farantan baƙi ƙirin suke, dusu-dusu, kamar gindin tukunya. A sana'ar Yaya wannan kala ma'anarta ɗaya ce: wuta ta yi yawa, aiki ya ƙone. A shago, yaron da ya fitar da irin wannan sai ya sha faɗa. Yaya ya dubi farantan, ya tuna yadda Dogo ya rame a kan aikin nan, ya ce a ransa bari ya rufa wa bawan Allah asiri kafin Dakta ta gani. Kullum akwai tsumma da sabulun goge ƙarfe a aljihunsa. Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya murje, ya goge, har sai da ya ga haƙoransa a kowanne. Ya mayar da su kan tire a jere, ya koma gefe yana jira a yaba.

Dogo ne ya fara shigowa. Ya tsaya a kan tiren ya daɗe. Sannan ya juya ya ce, "Baba, ina farantaina?"

"Ga su nan a gabanka. Sun ɗan ƙone ne, na gyara maka. Ba sai kowa ya ji ba."

Dogo ya nemi kujera bai samu ba, sai ya sulale ya zauna a ƙasa, ya dafe kai da hannu biyu.

Da Dakta ta zo ta ga abin da ya faru, ta rufe ido na ɗan lokaci. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Malam Ƙyalli, laifin har da nawa. Na nuna maka yadda ake wankewa, ban taɓa nuna maka abin da muke nema ba. Zo ka gani."

Ta ɗauko wani guntun baƙin faranti da Dogo ya yanke ya yar a gefe, ta haɗa shi da waya ta tsoma a ruwa. Ta ɗauko ɗaya daga cikin masu ƙyallin ta yi masa haka, ta ba su wuta iri ɗaya. Baƙin guntun nan take ya turnuƙe da kumfa, tana tashi fari fat kamar an buɗe lemon kwalba. Mai ƙyallin kuwa sai ɗai-ɗai, kamar yana jin nauyi.

Sannan ta kunna kwamfuta ta nuna masa hoton da na'urar ƙara girman abu ta ɗauka. Yaya ya ce da farko ya zaci hoton daji ne aka ɗauka daga sama. Ganyaye ne birjik, a tsaitsaye, sun cuɗe da juna, da lunguna da ramuka a tsakaninsu.

"Wannan shi ne baƙin da ka goge," in ji Dakta. "Kowane ganye a nan, in ka tsaga gashin kanka gida dubu, sili ɗaya ya fi shi kauri. Ruwa yana shiga kowane lungu, kuma kowane gefen ganye wurin aiki ne. Faranti mai santsi shago ne mai ƙofa ɗaya. Wannan kasuwa ce guda. Haske ma in ya shiga ba ya samun hanyar fita, shi ya sa ka gan shi baƙi."

Da yamma Yaya ya zo gidana, Anti na nan ta kawo mini ɗinki. Ya shiga, ya fita, ya zagaya tsakar gida, ya gyara mini igiyar shanya da ba abin da ya same ta. Sannan ya ce ya bar aikin. Ba wanda ya yi mamaki, mun saba. Anti ce ta ajiye abin da ke hannunta.

"Duk inda ka bari a baya, gajiya ka yi da shi, ban taɓa ce maka komai ba. Wannan ba gajiya ka yi ba, kunya ce ta kore ka. Ka share wa yaron mutane gona, sannan ka bar shi da shuka shi kaɗai?"

Ya ce, "Ke ba ki ga fuskarsa ba."

"Kai da ka gani ai kai ya kamata ka koma."

Washegari ya riga mai buɗe ƙofa zuwa. Dogo ya yi kwanaki ba ya ce masa komai sai gaisuwa. Ya san awon da ya yi amfani da shi, amma da suka maimaita sai abin ya ƙi fitowa kamar na farko. Wani ya yi kauri, wani ya yi tabo, wani ya yi kyau yau gobe ya lalace. Suka shiga yi suna sakewa, Yaya na wanki da haɗa baho, Dogo na awo. A hankali Dogo ya fara barinsa ya riƙe waya, daga baya ya bar masa tsomawar gaba ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana gudun baƙi ya koma nemansa ido rufe. Ranar da suka sake dacewa, Dogo ya ɗaga farantin ya ce, "Baba, ka ga haƙoranka?"

"Ko ɗaya."

"To aiki ya yi."

Daga ranar suka koma cin abinci tare, Dogo a zaune, Yaya a tsaye.

Mu a gida muna ta jiran ranar da zai ce ya gaji. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, shiru. Na tambaye shi, ya ce, "Auta, abin nan ya ƙi ganuwa. Ka toshe nan, can ta ɓalle." Gaskiyarsa ne. Da suka samu mai saurin fitar da oksijin, sai ya zamana ba ya daɗewa. Kumfar da yake fitarwa ita ke fizge ganyayen tana zubarwa. Da suka samu mai riƙo, sai baƙin ƙarfen da ke ciki ya riƙa narkewa yana bin ruwa, ƙarfinsa na raguwa. Kowace amsa da 'ya'yanta. Karo na farko a rayuwarsa ya haɗu da abin da ya fi shi rashin zama.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne doguwar jarrabawa. Sai a kunna faranti a bar shi yana kumfa makonni, ba mai taɓawa, ana duba ko ƙarfinsa zai ragu. Yaya zai je ya leƙa, ya dawo, ya koma, hannu na kai wa waya. Sai da Dakta ta sa aka manna jan tef a ƙasa kewaye da teburin, ta ce, "Malam Ƙyalli, nan ne iyakar ƙasarka." Da ya rasa inda zai kai hannunsa, sai ya faɗa wa ginin. Ya goge famfuna, ya goge mariƙan ƙofofi, ya goge ƙarfen matattakala tun daga ƙasa har sama. Malaman wasu sassa suka riƙa turo masa makullai da kofunan gasa. Ranar da na kai masa ziyara, tun daga bakin ƙofa na san ban ɓata hanya ba.

Hannunsa ne ya fara ba da labari. Da farko ƙaiƙayi tsakanin yatsu, sai ƙuraje, sai fata ta fara tsagewa. Ya ɓoye a cikin safar hannu, a gida kuma ya ce sabulu ne. Sai da Anti ta ga ya kasa riƙe kofin shayi, ta kira ni, muka tasa shi gaba zuwa asibiti. Likitan fata ya duba, ya tambayi sana'arsa, ya yi gwaji a bayansa. Ya ce jikinsa ne ya daina shiri da nikel. Shekarun da ya yi a shago yana tsoma hannu tsirara a baho su ne suka taru, kuma in jiki ya kai nan ba ya komawa. Magani zai kwantar, amma warakar ita ce nisa.

Yaya ya ce, "Likita, in na sa safa biyu fa?"

"Ka gwada uku ma, Malam. Za ka dawo."

Ya gwada. Abin ya haura wuyan hannu, ya fito masa a wuya da gefen ido. Dakta ta kira shi ofis. Shi ya ba ni labarin da bakinsa, yana kallon bango.

Ta ce, "Ba zan iya barinka kusa da baho ba kuma."

Ya ce, "Ranki ya daɗe, saura kaɗan mu gane kan riƙon nan. Ki bar ni mu ƙarasa."

"Saura kaɗan ɗin nan na iya zama shekara goma. Hannu kuma biyu gare ka."

Ya ce mini, "Auta, wuri nawa na bari da ƙafata, ana roƙona in tsaya? Yau ga shi ni ke roƙo."

Watannin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi ba. Hannu a naɗe, ba abin taɓawa, sai ya riƙa auna ɗaki da ƙafa, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga. Anti ta ce tabarmar ɗakin har hanya ta yi. Ya zama mai saurin fushi, shi da ba a san shi da faɗa ba. Dakta ta nema masa zama a ɗakin ajiyar kaya na sashen, tebur da kujera da fanka. Bai cika mako biyu ba ya mayar da makulli, ya ce gara a ɗaure shi a kasuwa.

Dogo ne ya samo mafita. Akwai wani ɗan kasuwa da ke kai wa asibitoci da makarantu tataccen ruwa da tukwanen iska, yana neman direba. Aiki ne na yawo tun safe har yamma, ba a kwana biyu a hanya ɗaya. Yaya ya karɓa. Hannun ya warke, sai tabo. Anti ta ɗinka wa sitiyarin riga, ta cire masa agogon ƙarfe da bel mai kan ƙarfe, don likita ya ce su ma suna iya ƙunsar nikel.

Dogo ya gama karatunsa, aka ɗauke shi aiki a nan sashen. Farantinsu ya kai inda bai taɓa kaiwa ba wajen daɗewa, aka buga sakamakon, har da godiya ga Yaya a ƙarshen takardar. Amma Dakta ta ce da sauran tafiya kafin ya shiga masana'anta. Yanzu suna fama da manyan faranti, masu faɗin tire, kuma gefe na ƙin ɗaukar baƙi daidai da tsakiya.

Kwanan baya Yaya ya rage mini hanya zuwa kasuwa. Muna cikin tafiya sai na ga ya karya kan mota ya shiga jami'a.

Na ce, "Yaya, yau kana da kaya a nan?"

"Minti biyu, Auta."

Ya tsaya a bayan ginin, ya je jikin taga ya ƙwanƙwasa gilashi. Dogo ya buɗe. Yaya ya tura hannuwansa cikin aljihu, ya zura kai, ina jiyo shi daga mota.

"Wa ya ɗaura wayar nan a kusurwa ɗaya? Raba ta biyu. A'a, ba nan ba, matsa. Kuma ka nisanta farantin da bangon baho."

"Baba, mun gwada haka jiya."

"Kun gwada da wannan tazarar? Juya shi in ga bayansa."

Rana ta buɗe sosai, motar ta ɗauki zafi, wayarsa da ya bari a kan kujera tana ta ƙara, mai kaya na nemansa. Na danna ham sau biyu, ya ɗago mini kai alamar yana zuwa, ya mayar da shi cikin taga. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na ɗauki jakata na sauka, na taka zuwa bakin titi na hau motar haya.